Ɓoye Gaskiya Wajen Neman Takardar Mallakar Ƙirƙira

Ana yawan jin wata magana a bakin masu haɗa magunguna da masu ƙere-ƙere a Ekoudou, cikin unguwar Briqueterie ta Yawunde, wai duk wanda ya karɓo takardar mallakar ƙirƙira daga hukumar OAPI, da hatiminta da lambarta, to magana ta ƙare, ko da ya ɓoye wani abu wajen nema. Takardar, wadda ake kira brevet da Faransanci, tana hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izinin mai shi ba har shekara 20. OAPI, mai hedkwata a Yawunde, tana aiki da Yarjejeniyar Bangui ta 1977, kuma ikonta ya game ƙasashe 17, har da Kamaru da Nijar da Cadi, ban da Najeriya.

Abin da masu wannan magana suka kasa ganewa shi ne ciniki ne aka ƙulla: hukuma ta ba da kariya, mai ƙirƙira kuma ya bayyana wa jama'a sirrin aikinsa dalla-dalla. Yarjejeniyar ta tanadi soke takardar idan bayanin bai nuna ainihin hanyar mai ƙirƙirar ba cikakkiya kuma bisa gaskiya, don haka wanda ya cire saiwa ɗaya daga jerin haɗinsa, ko ya sauya awo da gangan don gudun masu kwaikwayo, ramin kansa ya haƙa. A da, shekaru da yawa OAPI tana duba cikar takardu ne kawai, ba ta tantance ko abin sabo ne, shi ya sa a lokacin ƙarya kan wuce teburin karɓa salin-alin. Asiri yakan tonu ne ranar da mai takardar ya kai wani ƙara, lauyan wancan ya baje tsofaffin rasidai da ke nuna an daɗe ana sayar da abin a kasuwa kafin a nemi rajista, kuma hukuncin sokewa na ƙarshe daga kotun ƙasa ɗaya yana hawa kan sauran ƙasashen duka.

Haka ofishin takardun mallakar ƙirƙira na Turai ya soke takardar wani maganin ƙwayoyin cutar tsirrai na man dogon yaro a 2000, bayan an tabbatar manoman Indiya sun riga sun san shi. A Amurka kuwa, yaudarar ofishin da gangan kan sa takardar gaba ɗayanta ta daina aiki a kotu.

Ya kamata mai nema ya dakatar da tallata abinsa har ya shigar da buƙata, ya rubuta sunan wanda ya ƙirƙira da gaske ko da yaron shagonsa ne, domin wanda aka danne yana iya neman kotu ta mayar masa da takardar. Wanda kuma ba ya son kowa ya san haɗinsa, kamar mai yajin kilishi, ya riƙe shi sirrin sana'a, ya haƙura da rajistar.