Bayanin Jaruntakar Sarkin Musulmi Attahiru, Shahidin Burmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata gare Shi, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai almajiri, jaruntaka tsakiya ce tsakanin ragwanta da ganganci. Rago shi ne mai gudu inda tsayawa ta wajaba. Mai ganganci shi ne mai jefa kansa ga halaka ba da dalili ba. Jarumi kuwa shi ne wanda ya san abin da zai rasa, ya auna shi, sa'an nan ya tabbata.

Fasali. Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu Usmanu ya hau sarauta a 1902. Nasara suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka iso Sakkwato ran 15 ga Maris, cikin Zulhajji 1320. Suna da igwa da bindiga mai ruwa, jama'a kuwa mafi yawansu takobi da mashi da baka. Aka yi karo a Giginya, rundunar Musulmi ta watse.

Sai Attahiru ya zaɓi hijira zuwa gabas, da nufin Makka. Ya bar gida da mulki. Talakawa suka yi ta barin garuruwansu suna bin sa, ga damina ta gabato. Nasara suka bi sawunsa har Burmi, kusa da kogin Gongola. A watan Mayu mutanen Burmi suka kore su. Suka komo ran 27 ga Yuli, farkon Jimada Lawwal 1321. A nan ya yi shahada tare da ɗaruruwan jama'arsa, jagoran Nasara Manjo Mash shi ma ya faɗi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau.

Fasali. Idan ka ce, to, waɗanda suka zauna ragwaye ne? Sai in ce, a'a. Waziri Buhari ya koma Sakkwato, ya yi sulhu don tsare jinin raunana da salla da shari'a, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjarsa, zuciyarsa cike da tsoron Allah. Wannan ya yi ijtihadi, wancan ya yi ijtihadi. Ka kame harshenka daga dukkansu.

Amma mun keɓe Attahiru da girmamawa domin ya ga aikin igwa da idonsa a Giginya, ya san ba rinjaye, bai kuwa miƙa wuya ba. Girmama shi kuwa shi ne yi masa addu'a, da faɗin labarinsa ba ƙari ba ragi, da tsayawa kan gaskiya ranar da tsayawar za ta ci maka wani abu.

Allah Ya jiƙansa da waɗanda suka kwanta tare da shi, Ya gafarta wa marubuci da mai kwafa da mai karatu. Amin. Tammat.