Fankar Kwamfuta a Magazin na Suame: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Magazin na Suame, a arewacin Kumasi, gari ne na ƙarfe. Asalinsa tun shekarun 1930 ne, makanikai da maƙera suka yi ta taruwa, har ya zama ana ƙiyasta masu cin abinci a cikinsa da kusan mutum 200,000. Amma aikin mota ya canja. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can soket ɗin OBD-II mai fil 16, kuma da irin waɗannan motoci suka cika titunan Ghana, sai mai gyaran wutar mota ya ga ba makawa sai da kwamfuta. Mai sayar da kayan gyara yana lissafin hajarsa a cikinta, mai yanka sitika yana zane da ita. Da yawa daga cikin kwamfutocin teburin tsofaffin Dell da HP ne da suka gama aiki a ofisoshin Turai, ana sayo su a Adum, cikin Kumasi. An ƙera su ne don ɗaki mai sanyi da tsabta. Sai ga su a rumfar kwano, kusa da mai walda da mai fenti, a garin da zafin rana yake wuce digiri 32 a watannin Fabrairu da Maris, hunturu kuma ya zubo tasa ƙurar daga Disamba.

Abu na farko da za a riƙe shi ne, fanka ba ta yin sanyi. Aikinta ta kwashe iskar da ta yi zafi a cikin akwati, ta kawo ta waje. Idan iskar rumfarku tana digiri 35, ko fanka goma kuka ɗaura, cikin akwatin ba zai sauka ƙasa da haka ba. Furosesa kuwa da kansa yake rage gudu idan ya doshi digiri 95 zuwa 100, don kada ya ƙone, in abin ya faskara ya kashe kansa. Shi ya sa kwamfutar da take tashi garau da safe take jan ƙafa bayan azahar. Ga mai buga rasit wannan ɓacin rai ne kawai. Ga wanda yake tsakiyar rubuta manhaja a ƙwaƙwalwar motar wani, mutuwar kwamfuta a wannan lokaci tana iya zama bashi.

Maganin da aka fi gani a shaguna shi ne a kwance murfin gefe, a juyo da fankar tsaye ta riƙa hura ciki. Ina roƙonku ku daina. Duk bakaniken da ya taɓa cire robar da take zagaye da fankar lagireto ya san abin da yake biyo baya: fanka tana juyawa, amma iska ba ta ratsa lagireton, sai ta bi gefe, inji ya tafasa. Akwatin kwamfuta haka yake. A rufe yake tilasta wa iska ta shiga ta gaba, ta bi ta kan kayan, ta fita ta baya. Da an buɗe, hanyar ta watse, kuma an buɗe ƙofa ga abin da ya fi zafi haɗari a Suame, wato ƙurar ƙarfe. Ƙurar gida toshe hanyar iska kawai take yi. Wadda take tashi daga injin goge ƙarfe tana ɗaukar wuta, in ta kwanta a kan madabod tare da danshin damina da tururin mai, tana iya haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba.

To, ina za a sa fankoki? Ƙa'idar mai sauƙi ce: gaba da ƙasa su shigo da iska, baya da sama su fitar. Ga kwamfutar shago, biyu a gaba da ɗaya a baya sun wadatar. Dalilin fifita masu shigowa a kan masu fita shi ne zuciyar maganar, don haka bari mu tsaya a kai. Idan iskar da ake fitarwa ta fi wadda ake shigarwa, akwatin zai riƙa zuƙar cikon ta kowace kafa: ramukan USB, tsagar murfi, bayan katin hoto. Duk wuraren nan babu matata, ƙura tana shiga yadda ta ga dama. Idan kuwa mai shigowa ta ɗan fi yawa, iska ce za ta riƙa fita ta waɗannan kafofi, ƙura ba ta da mashiga sai ta gaban fankokin, inda kun riga kun sa raga. A wurin lissafin kada ku manta da fankar da take cikin akwatin wuta. A tsofaffin akwatuna yana sama ta baya, yana zuƙar iskar ciki yana fitarwa, saboda haka shi ma mai fitarwa ne.

Ragar kanta ba abin wahala ba ce a garin da ake ƙera komai. Akwai ta sayarwa mai maganaɗisu a gefe, wadda ake mannawa a cire a wanke. In ba a samu ba, kowane yaron shago zai iya lanƙwasa firam a ɗaura raga mai ƙananan idanu. Ragar sauro ta taga manyan tarkace kawai take tarewa. Soso mai kauri kuma yana tare ƙura har da iskar, sai a koma gidan jiya.

Kuskuren da ya fi yawa wajen ɗaurawa shi ne juya fanka baibai. Iska tana fita ne ta fuskar da take da sanduna masu riƙe da injin fankar, inda galibi takardar kamfani take. Da yawa suna da kibiyoyi biyu a jikin firam, ɗaya ta juyawa, ɗaya ta iska. In babu, a kunna a kusantar da yankin takarda mai laushi, za a ga inda ta nufa.

Wajen saye, a fara da auna gurbi. Girman da aka saba shi ne milimita 80, 92, 120 da 140. Tsakanin ramukan kusa biyu na mai 120 akwai milimita 105, na mai 80 kuwa 71.5. Duk inda babba za ta shiga, a ɗauke ta, domin tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudun da zai cika kunne da ƙara ba. Lambobin jikin kwali uku ne abin dubawa: RPM shi ne yawan juyawa a minti, CFM yawan iskar da take turawa, sai ƙarfin matsi da ake rubutawa da mmH2O. Fankar da za ta zauna a bayan raga wannan na ukun take bukata, don sai ta yi ƙarfin jan iska ta cikin shinge. Misali, Arctic P12 PWM tana juyawa daga 200 zuwa 1,800 a minti, tana tura kusan CFM 56, kuma don irin wannan aiki aka yi ta. Masu fitilu kala-kala ado ne, ba su rage zafi ko digiri ɗaya.

Boris ɗin fanka ma ba ɗaya ba ne, kuma ba sai an yi wa mutumin Suame dogon bayani a nan ba. Mafi araha bushi ne da ɗan mai, yana saurin bushewa a zafi, musamman idan an kwantar da fankar a rufin akwati. Mai ƙwallaye ya fi jure zafi da kowane irin zama, ko da yake yana da ɗan ƙara. Wanda ake rubuta wa FDB ya haɗa daɗewa da shiru, ya fi tsada.

Sai waya. Duk fankokin nan bolt 12 suke ci. Mai fil 3 ana rage gudunta ta rage wuta, mai fil 4 kuwa, wato PWM, madabod ne yake ba ta umarni gwargwadon zafi. Kowacce tana shiga soket ɗin ɗayar a madabod na gama-gari. Soket ɗaya galibi amfiya 1 yake ɗauka, saboda haka a duba abin da aka rubuta a bayan kowace fanka kafin a jera su a waya guda. Masu Dell OptiPlex su lura: da yawansu suna da soket na kamfanin mai fil 5, in aka sa fankar kasuwa ba tare da wayar da ta dace ba, kwamfutar za ta tsaya a farkon tashi tana ƙorafin fanka, tana neman a danna F1. Gara a tafi kasuwa da tsohuwar a hannu.

Inda aka ajiye akwatin ya kai zaɓen fanka muhimmanci. A ɗaga shi daga ƙasa zuwa kan tebur ko kanta, a bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, a juya gabansa daga wajen da ake walda da feshin fenti. Wajen sharewa, kwamfiresa tana ko'ina a Magazin, amma iskarta tana zuwa da ruwa da mai. A zubar da ruwan tanki tukuna, a rage ƙarfi, a cire wutar kwamfuta, a kuma riƙe fukafukan fanka da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima.

Kafin ku kashe sidi ko ɗaya, ku sa manhajar HWMonitor ko HWiNFO, duka kyauta ne, ku duba zafin furosesa da ƙarfe biyu na rana yana cikin aiki. In yana ƙasa da digiri 80, raga da shara kawai kuke bukata. In ya wuce haka bayan an share, a sake man da yake tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, sannan a zo maganar sabuwar fanka. A lokacin hunturu kuma, ku cire ragar ku wanke ta kowane mako.