Darasin halitta a Damargu: a fito da yara ƙarƙashin aduwa

Yaron da ya shiga ajin CI, ajin farko na firamare, a Tanut ko Belbeji yana da shekara 6 ko 7 ba ya zuwa hannu rabbana. Ya san ƙarangiya domin ta sha maƙale masa a wando, ya san ba a wasa da nonon tumfafiya kusa da ido, ya kuma ji manya na cewa in shamuwa ta sauka damina ta kusa. Da zarar ya zauna gaban malam, sai a zana masa wani ganye a allo, a ba shi sunansa da Faransanci, a ce ya maimaita har ya haddace. Ilimin da ya zo da shi daga gida ya tsaya a ƙofar aji, wanda aka ba shi a ciki kuma ba shi da inda zai kama. Darasin halitta a ƙananan azuzuwa ya kamata ya fara daga abin da yaro zai ɗauka da hannunsa, ya shinshina, ya fasa, ya ƙirga.

Masu ganin wannan ɓata lokaci ne suna da hujja mai ƙarfi. Binciken PASEC na 2014 ya nuna kusan 9 cikin 10 na ɗaliban ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matakin karatun da ake bukata ba, to ina lokacin tonon ƙasa? Amma ai haddar kalmomin da yaro bai san abin da suke nufi ba tana cikin abin da ya kai mu nan. Yaron da ya tara ƙwallayen aduwa 20 daga turken awaki, ya kasa su biyar biyar, ya faɗi yadda aka yi suka zo wurin, sannan ya rubuta sunan itacen, ya yi lissafi da magana da rubutu a zama ɗaya. Ko Faransa da muka gaji tsarinta ta gane haka: a 1996 ta fara shirin da Georges Charpak, wanda ya samu kyautar Nobel a 1992, ya jagoranta don yara su koyi kimiyya ta hanyar gwaji. Ta fannin harshe kuwa, a 1973 a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. Inda yaran Buzaye da Fulani ke aji ɗaya da Hausawa, itace guda ya samu suna uku, darasin ya ƙara faɗi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ruwa da lokaci. Ana buɗe makaranta a Oktoba, ciyawa ta fara bushewa, a rufe a Yuni kafin shuka ta kankama, wato duk rayuwar gero daga tsiro zuwa zangarniya a hutu take wucewa. Lambun makaranta kuwa, a garin da mata ke yini a bakin rijiya mai gaba da yawa, salak da tumatir ba sa kai Maris. Gaskiya ne, amma kuskuren na masu ɗauka cewa halitta sai kore. Rani ma malami ne. A sami gwangwanin tumatir biyu a huda gindinsu, a cika ɗaya da yashin jigawa, ɗaya da lakar busasshen tabki, a zuba wa kowanne kofin shayi ɗaya na ruwa, yara su yi ta ƙirga da baki har ɗigon farko ya faɗo. Na yashi zai zube nan take, na laka ya riƙe. Daga nan tambaya ta tashi da kanta: me ya sa ake shuka gero a jigawa, dawa kuma a fadama? Ƙwayar gero a jiƙaƙƙen tsumma tana fasa tsiro cikin kwana 2 zuwa 3, kuma ruwan da za ta ci bai kai na wanke hannu ba.

Damargu ma tana da misali a gida. Tun ƙarshen shekarun 1980 gidauniyar Eden ta kafa tashar gwaji a Dalli kusa da Tanut, tana nazarin itatuwan da ake ci waɗanda ake binne irinsu kai tsaye a gona ba tare da ban ruwa ba. Anza, wadda ke zama kore tsakiyar rani, wadda kuma mutane suka jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki don cire ɗaci a yunwar 1984 da ta 2005, tana cikin irin waɗannan itatuwa, tare da jiga da magarya. Yankin da ake yi wa kirari da rumbun hatsi a zamanin ayari yanzu yana gaɓar iyakar noma, kuma yaran CI na yau su ne za su yanke shawarar sare toho ko barinsa a gona nan da shekara 15. Uban da zai ce bai kai ɗansa boko don a koya masa daji ba, a nuna masa allon yaron: kwanan wata, tsawon tsiro da santimita, da zanen saiwa. Wannan ba kiwo ba ne, awo ne da rubuta abin da ido ya gani, kuma da shi likita da malamin gona suke farawa.

Ba a bukatar sabon gini ko kuɗin wata ƙungiya. Masu duba makarantun Tanut da Belbeji su ba malaman CI da CP, azuzuwa biyu na farko, izinin fita waje awa ɗaya kowane mako, su kuma daina ɗaukar ajin da suka tarar a gindin aduwa a matsayin ajin da malaminsa ya gudu daga aiki.