Fina-finan Ƙasashen Baltik Sun Tsallaka Teku

Tun shekarar 2018 aka fara wani bikin nuna fina-finai a birnin New York na Amurka, a gidan da ake kira Scandinavia House, domin baƙi su ga abin da Istoniya, Latbiya da Lituweniya suke shiryawa. An fara shi ne a shekarar da ƙasashen nan uku na bakin tekun Baltik suka cika shekara 100 da shelar 'yancin kai. Dukansu in an haɗa, mutanensu ba su wuce kamar miliyan 6 ba, kowace kuma da nata harshen. Fim ɗin da aka yi da irin wannan harshe, in ba a ɗauke shi an kai waje da fassara a ƙasan hoto ba, a gida zai ƙare.

Mai karatu zai ce, ina ruwan ikilisiya da sinima? Dalilinmu shi ne tarihin mutanen. Istoniya da Latbiya gadon Lutheran ne da su, irin na 'yan'uwanmu na Numan, Lituweniya kuwa Katolika ce. Tarayyar Sobiyat ta haɗiye su a 1940, ba su kuɓuta ba sai 1991. A tsakanin nan an rufe majami'u da dama, an ɗaure fistoci, labarin wahalar kuma ba mai ikon faɗarsa a fili. Yanzu su da jikokinsu ne suke faɗa.

Ga misali fim ɗin Risttuules na 2014, wanda Martti Helde ya shirya a kan daren 14 ga Yuni 1941, sa'ad da aka kwashe mutane wajen dubu 10 daga Istoniya aka zuba su a taragon dabbobi zuwa Saberiya. 'Yan wasan suna tsaye cik kamar gumaka, kyamara tana ratsawa tsakaninsu, ana jin muryar wata mata tana karanta wasiƙun da take rubuta wa mijinta.

Amma wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne Mandariinid, wato lemun tanjarin, na 2013, aikin haɗin gwiwar Istoniya da Jojiya. Labarin wani tsoho ne kafinta, Ivo, ɗan Istoniya mazaunin Abkaziya lokacin yaƙin 1992. An yi artabu a ƙofar gidansa, ya tsinci mutum biyu da rai: Ahmed, Musulmi ɗan Checheniya, da Nika, Kirista ɗan Jojiya. Abokan gaba ne. Tsohon ya kwantar da su duka, ya yi jinyarsu, ya sa Ahmed ya yi alkawarin ba zai yi kisa a cikin gidan ba. Daga baya Nika ya rasa ransa wajen ceton Ahmed, Ivo kuwa ya binne shi kusa da kabarin ɗansa, wanda 'yan Jojiya ne suka kashe. Fim ɗin ba ya wa'azi ko kaɗan, amma duk wanda ya san misalin Basamariye mai kirki, ya kuma taɓa ganin maƙwabta sun zama abokan gaba cikin kwana ɗaya, ba ya bukatar a yi masa bayani. A ganinmu ya isa a haska shi da majigi a harabar majami'a, a gayyato maƙwabta.

Ba duka ne na baƙin ciki ba. A 2025 Latbiya ta sami kyautar Oscar ta farko da fim ɗin zane mai suna Flow, na Gints Zilbalodis: kyanwa da kare da wasu dabbobi cikin jirgin ruwa guda bayan ambaliya ta shafe ƙasa. Babu kalma ko ɗaya a cikinsa, saboda haka ba ya bukatar tafinta. 'Yan makarantar Lahadi za su nemi Nuhu a jirgin, sai dai babu ɗan Adam ko guda a ciki.