Daga Kwatano zuwa Porto-Novo: ma'anar sunayen garuruwan bakin tekun Benin

Direban tirela da ya saba ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Maraɗi ko Yamai yakan ambaci sunan birnin sau da yawa a rana, ba tare da ya san ma'anarsa ba. A harshen Fon sunan shi ne Kutonu, wato "bakin kogin mutuwa". Faransawa ne suka rubuta shi Cotonou, Hausawa kuma suka ce Kwatano. A gaɓar tekun Jamhuriyar Benin, da wuya a samu tsohon gari mai suna ɗaya tak, kuma kowane suna yana nuna waɗanda suka zauna a wurin ko suka mulke shi.

Kwatano ƙaramin ƙauyen masunta ne kafin ya bunƙasa a zamanin Sarki Gezo na Dahomey, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858. Tarihin baka yana danganta sunan da cinikin bayi da aka yi a wannan gaɓa. Babbar kasuwar birnin, Dantokpa, ita ma sunanta na Fon ne: Dan shi ne macijin da mabiya addinin Vodun ke girmamawa, tokpa kuma gefen ruwa.

Porto-Novo, babban birnin ƙasar a hukumance, yana da sunaye uku. Mutanen Gun suna kiransa Hogbonu, Yarbawa suna cewa Ajashe, Turawan Fotugal kuma a ƙarni na 18 suka sa masa Porto-Novo, ma'ana "sabuwar tashar jiragen ruwa". Sunan Turawan ne ya shiga taswira, domin su ne ke rubuta takardun ciniki, daga baya Faransawa suka gaje shi. Sauran biyun suna nan a bakin 'yan garin. Irin wannan ta faru da Legas da ke gabas da nan: Lagos kalmar Fotugal ce mai nufin tafkuna, alhali Yarbawa suna cewa Eko, inda Hausawa suka samo Ikko.

Kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano akwai Ouidah. Sunan ya fito ne daga Hueda, masarautar da Sarki Agaja na Dahomey ya ci da yaƙi a 1727. Baƙi kowa ya lanƙwasa kalmar yadda harshensa ya iya: Ingilishi suka rubuta Whydah, Fotugal suka rubuta Ajudá. 'Yan garin kuwa suna cewa Glehue, wato "gidan gona". Wurin da mazaunansa suka sani da gona shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin fitar da bayi zuwa nahiyar Amurka. Fotugal ta gina ganuwa a garin a 1721, ba ta kuma bar ta ba sai 1961.

Sunan ƙasar kansa daga teku aka ɗauko shi. Ta sami 'yancin kai a 1960 da sunan Dahomey, wanda na masarautar Fon ta kudu ne. Mutanen arewa da na Porto-Novo ba sa ganin kansu a cikinsa, wasunsu ma kakanninsu sun sha hare-haren wannan masarauta. A ranar 30 ga Nuwamba 1975 gwamnatin Mathieu Kérékou ta sauya shi zuwa Benin, daga sunan mashigin tekun da ƙasar ke fuskanta, don kada wata ƙabila ta ce nata ne. Shi kuma mashigin ya samo sunansa daga tsohuwar masarautar Benin da ke jihar Edo ta Najeriya a yau, shi ya sa ake yawan rikita su biyun.

Hausawa ma sun bar tasu alamar. Unguwar Zongo da ke Kwatano, kamar ta Lome da ta Accra, daga kalmar zango take, wurin da ayarin fatake ke sauka su huta. Fataken sun zauna sun yi iyali, sunan kuma ya zama na unguwar har a takardun hukuma.