Kafin Ka Yi Mafarkin Italiya, Ka Taɓa Shiga Kwale-kwale a Turawa?

Duk mai latsa waya ya san irin bidiyon nan: farin jirgin ruwa na alfarma yana ratsa gefen duwatsu a gaɓar Amalfi ta Italiya, gidaje sun hau tudu kamar an jera su da hannu. Masu hali ne ke ɗaukar shatar jirgin, su kwana nan su tashi can. Mu kuma namu shi ne mu tura wa abokai, mu ce "Allah Ya kai mu." Amin. Amma fa ruwan da za ka shiga jirgi ka sha kallo yana nan a Karaye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano.

Madatsar ruwa ta Challawa ake magana. An gina ta tsakanin 1990 da 1992, da tarin duwatsu. Tsayinta mita 42, tsawon bangonta kusan kilomita 8, kuma idan ta cika tana ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ruwan ya malala ta ɓangaren Karaye har ya taɓo Rogo. Yanzu Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ke kula da ita.

Can Turai garuruwan bakin teku ne abin zuwa gani. A nan kuwa akwai ƙauyukan bakin dam irin su Turawa da Sakarma, inda masunta ke sauke kifi. Ka yi sammako, za ka tarar da kwale-kwale na dawowa da karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, 'yan sari na jira, ciniki ya kankama. Ba shiri aka yi don kyamara ba, neman abinci ne. Saboda haka ka yi sallama, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum. Idan kuna da yawa, ku fara gaida sarkin ruwa ko wani dattijon masunta, shi ya san matuƙin da za a amince wa.

To, ga inda maganar take da nauyi. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Lodi ya yi wa jirgin yawa. Bagwai ba ta da nisa da mu, kuma ruwa bai san wanda ya zo yawon buɗe ido ba. Don haka kada ku shiga ba rigar kariya. Matuƙi ya ce mutum shida, to shida ne, ko da na bakwai aminin ango ne. Kada a miƙe tsaye don neman hoto mai kyau, nan take kwale-kwale ke karkacewa. Hadari ya haɗo ko magariba ta gabato, a haƙura. Wanka a bakin ruwa ma sai a yi hattara, don tsargiya a irin wannan ruwan kwance ake ɗaukarta.

Wani abin da bidiyo ba ya nunawa: ruwan nan ba namu kaɗai ba ne. Tun da aka tare shi, tare da na Tiga da aka kammala a 1974, ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya ke dogaro da ita a fadamun Haɗejiya zuwa Nguru ta ragu. Abin da muke kallo a nan, wasu can ƙasa suna lissafinsa.

Su mutanen Amalfi ba su ne suka halicci duwatsunsu ba. Tsari suka yi: wurin tsayawar jirgi, ƙayyadadden farashi, matuƙa masu lasisi. Matasan Karaye da Rogo za su iya farawa da kaɗan: a haɗa kuɗi a sayi rigunan kariya, a daidaita da masunta kan kuɗin zagaye, wasu su gasa kifi, mai waya ya tallata. Kuɗin zai tsaya a gida.

Ƙarshen damina, wajen Oktoba, ruwa ya cika, gari ya yi kore. Ku haɗa kanku ku je, amma ku fara tambayar riguna nawa ke cikin jirgin kafin ku tambayi farashi.