Yadda Saƙon Cinikinki Zai Isa Inda Kika Aika Shi

Gaisuwa ta musamman ga matan Dagumawa da kewayen Wudil, masu ƙuli-ƙuli da man gyada da taliya da ɗinkin hula.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. To amma mu da muke cikin gida, aiken nan shi ne ƙafarmu. Da can sai dai a tura yaro, amma tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙon tes ya zama ɗan aike. Shi ma kuwa yakan ɓata a hanya, ki soya ƙulin dubu biyar ki zauna jiran mai sari, ashe bai ga komai ba.

Abu na farko, lamba. Lambar waya guda 11 ce. Ki sa a karanto miki ita sau biyu, kuma ki fara kira ki ji muryar mai ita. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sayar wa wani, sai sirrin cinikinki ya faɗa hannun baƙo. Haka nan a 2024 an rufe layukan da ba a haɗa su da lambar NIN ba, don haka tsohuwar lambar da ke littafinki tana iya zama matacciya.

Na biyu, ki taƙaita. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Amma da zarar kin sa harafi mai ƙugiya, wato ɓ ko ɗ ko ƙ, ko 'yar fuskar nan mai dariya, sai ya koma 70 kacal. Saƙo mai harafi 150 sai ya rabu uku, a caje ki uku. Da yake a 2025 kuɗin tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, kin ga naira 18 ke nan a maimakon 6. A waya dai ki rubuta "kuli" da "kudi", za a gane.

Na uku, ki fara da sunanki, sai kaya, sai farashi, sai rana. Misali: "Maman Amina ce, Dagumawa. Man gyada kwalba 10 ya samu. Yaro zai kawo ranar Juma'a." Saƙon da ba suna, mutane kan ɗauka na 'yan damfara ne su goge.

Na huɗu, lokaci. In don kasuwar Wudil ta Juma'a kike shiri, ki aika tun Laraba. Wayar mai sayen na iya zama a kashe ko a wurin caji, kuma kamfani ba ya riƙe saƙo har abada. Ki sa a kunna miki rahoton isar saƙo a wayarki, ki kuma roƙi a amsa miki ko da "to" ne. In shiru ta yi yawa, ki kira.

Sannan ki lura da saƙon da ke shigo miki. Akwai alat na bogi. Kada kaya su fita daga zaure sai kin duba asusunki kin ga kuɗin da idonki. Lambar sirrinki kuwa, ba bankin da zai nema ta tes.

Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.